Filin Tambaya da Amsa: Farautar "Dila" da Sauraron Tauraron Ɗan'adam a Sakkwato

Wasiƙun wannan watan kusan duka daga cikin garin Sakkwato da kewaye suka fito, kuma duk a kan rediyon sha'awa suke, wato sauraro da sarrafa sigina ba don kuɗi ba. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare. Na ji akwai wasan da ake ɓoye na'urar watsa sigina, yara su bi sawunta da eriya har su gano ta. Me ake bukata, kuma ba za mu jawo wa kanmu matsala da hukuma ba? — Wani malami, Runjin Sambo

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Turawa na kiran wasan farautar yanyawa, mu kuwa a wannan fili dila muke ce wa na'urar da aka ɓoye. Wasa ne mai ƙa'ida, har gasar duniya ake yi, wadda aka fara a ƙasar Folan a 1980. A gasa dila biyar ake ɓoyewa. Kowace tana yin kuka na minti ɗaya ta yi shiru, ta gaba ta ɗauka, har a zagayo cikin minti 5. Kukan saƙon Mos ne, wato na dogon sauti (ja) da gajere (ɗigo): ja biyu, ja uku, sannan ɗigo. Ɗigo ɗaya dila ta farko ce, ɗigo biyar ta biyar, saboda haka ko yaron da bai san Mos ba zai iya ƙirgawa. Zango biyu ake amfani da su, megahaz 3.5 da megahaz 144.

Maganar hukuma ita ce kan gaba. Sauraron zangon masu rediyon sha'awa daban, watsawa daban. Dila watsawa take yi, don haka dole wanda zai kunna ta ya kasance yana da lasisi daga hukumomin sadarwa na tarayya, da lambar kira tasa. Lambobin Najeriya da 5N ko 5O suke farawa, na maƙwabtanmu Nijar da 5U. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, ita ce ƙofar da ta fi dacewa ka ƙwanƙwasa. A yankinmu zangon mita 2 daga megahaz 144 zuwa 146 yake, kada dila ta fita daga nan. Sannan ka san halin da ake ciki na tsaro a jihar nan. Mutum ya fito da oba-oba a hannu da eriya mai fukafukai yana juye-juye a bayan gari, ba wanda zai ɗauka wasa yake yi. Ku yi abinku a cikin harabar makaranta, da takardar izinin shugaban makaranta, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin tun kafin ranar. Kada a kusanci bariki ko filin jirgin sama na Sultan Abubakar III.

Kafin lasisi ya samu, akwai darasin da ba ya bukatar izinin kowa. Ka samo ƙaramar rediyo mai kama matsakaicin zango, ka buɗe bayanta yara su ga baƙin sandan nan da aka naɗe da siririyar waya. Shi ne eriyarta. A kamo tasha, a ɗora rediyon a tafin hannu, a juya a hankali. Akwai inda murya za ta dushe kamar an toshe bakin mai magana. A daidai nan tsinin sandan yana nuna layin da tashar take, ko dai gaba ko baya. Da wannan dabarar ake farauta a megahaz 3.5.

Eriyar zangon mita 2 kuwa da tef ɗin awo na ƙarfe ake yin ta, irin na magina, mai faɗin santimita 2.5. An zaɓi tef ne domin idan ya bugi reshe lanƙwashewa yake yi ya miƙe, ba ya karyewa. Za ka yanka guda huɗu da almakashin kwano: ɗaya santimita 105 na baya, biyu masu santimita 45 kowanne na tsakiya, ɗaya santimita 89 na gaba. Ƙashin bayan eriyar bututun roba ne na masu aikin famfo, rabin inci, da mahaɗa mai baki huɗu guda biyu da mai baki uku guda ɗaya. Daga na baya zuwa na tsakiya santimita 20, daga na tsakiya zuwa na gaba 32. Kilif ɗin tiyo guda shida za su riƙe tef ɗin. Tsakanin ɓangarori biyu na tsakiya a bar tazarar santimita 2.5. A goge fentin bakin kowanne da samfefa har ƙarfen ya yi fari, domin dalma ba ta kama fenti, a nan mafi yawan masu farawa suke faɗuwa. Zuciyar kebul ɗin da zai haɗa eriyar da rediyo ta tafi ɓangare ɗaya, saƙar da ke kewaye da ita ta tafi ɗayan. Sai a lanƙwasa wayar tagulla mai tsawon santimita 12.5 kamar harafin U, a haɗa bakunanta biyu a wuraren da aka sa dalmar. Ƙarshen tef ɗin da aka yanka kaifi gare shi kamar reza. A zagaye kusurwoyin, a naɗe da baƙin salatif kafin yaro ya taɓa.

A cikin harabar makaranta dila ba ta bukatar ƙarfi. Ƙasa da wat 1 ya isa, kuma gwargwadon rauninta gwargwadon daɗin wasan. A rataye ta a inuwa. Batir da aka rufe cikin leda a ranar watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, yana iya kumbura.

Tambaya: Na haɗa eriyar tef, ina amfani da oba-oba samfurin Baofeng UV-5R. Daga nesa tana nuna hanya sosai. Amma da na matso kusa, duk inda na juya ƙarar ɗaya ce. Wani lokaci kuma ta kai ni gindin tankin ruwa, alhali na'urar tana wani gefen. Eriyar ce ta lalace? — Wani ɗalibi, Dundaye

Amsa: Ɗan'uwa, eriyarka lafiyarta ƙalau. Matsaloli biyu ne ka haɗa a tambaya ɗaya.

Ta farko, sigina ta yi wa rediyon yawa. Idan ka matso, ko ta bayan eriya, ko ta jikin robar rediyon ma, abin da ke shiga ya isa ya cika ta, sai ta kasa bambance ƙarfi da rauni. Irin wannan oba-oba mai araha ta fi saurin cika. Maganin shi ne ka rage mata ji da gangan, mataki-mataki. Ka fara da gocewa daga zangon dila da kilohaz 5, in bai isa ba 10. Idan ka ƙara matsowa, ka koma ninki uku na zangon: dila da ke kan megahaz 145 tana fitar da 'yar raunanniyar sigina a 435, kuma rediyonka na kama wurin. Duk lokacin da ka fara jin ta a 435, ka san ta kusa. Daga nan ka cire eriyar gaba ɗaya, ka manna rediyon a ƙirjinka, ka juya a tsaye a hankali. Jikinka na tare sigina, don haka inda ta fi rauni, dila na bayanka. Wanda ya iya haɗa kayan lantarki zai iya yin 'yar na'urar rage ƙarfi mai kiristal na megahaz 4, wadda ke matsar da siginar gefe ta ba ka maɓallin murɗawa. Ita ce ta fi duka, amma dabarun can uku sun isa harabar makaranta.

Ka kuma koyi amfani da bayan eriyar. Gabanta faɗi gare shi, ƙara na iya zama ɗaya a faɗin digiri masu yawa. Bayanta kuwa akwai ƙunƙuntaccen wuri da sigina ke faɗuwa kwatsam. Neman inda ta mutu ya fi neman inda ta fi ƙarfi daidaito.

Ta biyu, tankin ruwan nan madubi ne. Sigina a wannan zango tana dukan ƙarfe ta dawo, kamar yadda murya ke dawowa daga bango. Rufin kwano, tankin ƙarfe, turken sadarwa, ƙofar gareji, duk suna yin haka. Kada ka ɗauki alkibla a tsakanin gine-gine. Fita fili ko ka hau tudu, ka ɗauka, ka yi taku 20 ka sake ɗauka. Alkiblar gaskiya ba ta canzawa sosai, ta ƙarya tana tsalle. Sannan ka riƙe fukafukan eriyarka yadda eriyar dila take: in tata a tsaye take, naka ma su tsaya, domin idan suka saɓa, sigina ta kai-tsaye na raunana har wadda ta dawo daga kwano ta rinjaye ta.

Kada ka bi layi ɗaya ka miƙe. Ka ja layin a taswira, ka tafi gefe, ka ja na biyu, inda suka gicciye nan za ka nufa. Gwargwadon yadda layukan suka gicciye kamar kusurwar ɗaki, gwargwadon ingancin wurin. Kuskuren digiri 5 a nisan kilomita 1 yana kauce maka da kusan mita 87, shi ya sa ake sake awo a kowane mataki. Kamfas kuma a nisanta shi da tef ɗin, ƙarfe ne, yana jan allurar.

Tambaya: Na sayi RTL-SDR, 'yar na'urar nan da ake jonawa a kwamfuta ta mai da ita rediyo, na bi bayanin da na samu kan karɓar hoton gajimare daga taurarin NOAA a megahaz 137. Mako biyu ke nan ban ji komai ba sai shuuu. — Wani mai karatu, Mabera

Amsa: Malam, bayanin da ka bi ya tsufa. Taurarin Amurka guda uku da aka saba kamawa, NOAA 15 da 18 da 19, an kashe su duka a shekarar 2025. Ƙarar "tik-tik" da ake cewa za ka ji ta tafi tare da su. Abin da ya rage a wannan zango shi ne taurarin Rasha, Meteor-M N2-3 da aka harba a 2023 da N2-4 na 2024, a kan megahaz 137.9 ko 137.1. Siginarsu ta dijital ce, a kunne shuuu ɗin ce dai za ka ji. Da ido ake ganin ta: wani tudu mai faɗin sama da kilohaz 100 zai taso a allon kwamfuta ya yi minti 10 zuwa 15 ya nutse. Manhajar SatDump ce ke mai da ita hoto, a zaɓi LRPT na Meteor. Masu tauraron kan sauya zango ko saurin saƙon tsakanin 72k da 80k, don haka in ɗaya ya ƙi a gwada ɗayan.

Eriyar ba wuya. Sanduna biyu na tagulla ko alminiyam, kowanne santimita 53.4, a buɗe su kamar harafin V da kusurwar digiri 120, a kwantar da su a kwance, bakin V ɗin na duban arewa ko kudu, domin daga can taurarin ke fitowa su wuce. A ɗaga ta kamar rabin mita daga ƙasa ko daga rufin kankare. Kebul ɗin dish na yau da kullum ya isa, amma a gajarta shi.

In ka yi duk wannan hoto ya fito da baƙaƙen layuka, ka duba abu uku. Hayaniyar gida ita ce ta farko: inbatar sola, ƙwan LED mai araha da cajar waya suna watsa datti a wannan zango. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon allo, za ka ga ƙasan hayaniyar na sauka. Na biyu tashoshin FM na cikin gari, waɗanda ƙarfinsu ke cika na'urar. Kada ka murɗe ƙarin ƙarfi har ƙarshe, kuma matatar da ke tare megahaz 88 zuwa 108 tana taimakawa ƙwarai. Na uku zaɓen lokaci: wucewar da tauraron bai haura digiri 30 daga ƙasa ba, a cikin gari mai katanga da bishiyoyin dogon yaro, ba ta cika ba da hoto mai kyau ba.

Wahalar ta cancanta. Tauraron na nisan kilomita 800 da 'yan kai, hotonsa na ɗauke faɗin kusan kilomita 2,800, kowane ɗigo kilomita 1. A wucewa ɗaya za ka ga Sahara, da lanƙwasar kogin Neja, da tafkin Chadi, har bakin teku. Da damina za ka ga hadarin gabas yana haɗuwa tun bai iso ba, da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe ƙasa kamar an shimfiɗa mayafi. Da ka ji tsawa, cire kebul daga kwamfuta.

Tambaya: Sana'ata haɗa dish ce. An ce akwai tauraron da masu rediyon sha'awa ke hira ta kansa, kuma da dish ɗin gida ake kama shi. Gaskiya ne? — Wani mai haɗa dish, Gawon Nama

Amsa: Gaskiya ne, Maigida, kuma kai ka fi kowa kusa da shi, don rabin aikin sana'arka ce. Sunan tauraron Es'hail-2, na ƙasar Katar, an harba shi a watan Nuwamba na 2018. Masu rediyon sha'awa na kiran sashensu QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, maƙwabcin taurarin Arabsat na digiri 26 da ka saba saitawa. Ba ya wucewa kamar sauran, dare da rana yana nan, kuma yana haɗa masu magana daga gabashin Barazil har Tailan.

Daga Sakkwato alkiblarsa kusan digiri 121 ce daga arewa, wato kudu maso gabas amma ya fi karkata gabas, tsayinsa kuma kusan digiri 62. Farantin santimita 80 ya wadatar. Ka san irin farantinmu na gida yana duban sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa da digiri ashirin da 'yan kai, don haka kada ka kwantar da shi har 62. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kamo Arabsat da mitarka ko rasiba, ka ɗaure, sannan ka gyara kaɗan. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne murɗa LNB, wato na'urar da ke gaban farantin tana karɓar sigina. Saboda muna kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu kuma tauraron na gabas da mu, murɗin ya kai kusan digiri 57, ba 'yar karkatar da ake gani a hotunan Turai ba. Ka murɗa a hankali kana kallon sigina.

Hirar murya tana saukowa tsakanin megahaz 10489.5 da 10490. LNB na cire 9750, saura 739.5 zuwa 740, nan za ka saita RTL-SDR. Wutar bolt 12 zuwa 13 ake ba LNB don wannan sashe, ba 18 ba, kuma a kashe sautin kilohaz 22, in ba haka ba zai koma cire 10600 ka rasa komai. Wutar da RTL-SDR ke iya turawa ta kebul ba ta kai bolt 5 ba, ba za ta tada LNB ba. Ka yi amfani da tsohuwar rasiba ta ba shi wuta ta hanyar mai raba layi wanda baki ɗaya kawai ke wuce wuta, ɗaya bakin ya tafi RTL-SDR. Ka auna da mita kafin ka jona. Bolt 13 a bakin da bai dace ba na iya ƙona na'urar nan take.

LNB ɗin ya zama mai PLL, ana rubutawa a kwalinsa. Tsohon samfuri zangonsa na yawo da yawa, ba za ka fahimci magana ba. Ko mai PLL ɗin ba zai sauka daidai 739.5 ba, yana iya kaucewa da kilohaz goma-goma ko fiye, don haka ka nemi alamomin tauraron: sigina ɗaya a kowane bakin zangon, da wata a tsakiya a 10489.750. Daga su za ka lissafa sauran. Zafin rana ma na motsa shi. Da hantsi, yayin da LNB ke ɗumama, za ka ji murya na sirancewa ko tana kauri a hankali har ta zama kamar ta agwagwa. Manhajar SDR Console na iya riƙe alamar tsakiya ta riƙa gyara wannan da kanta. Hular roba fara da za ta yi wa jikin LNB inuwa, ba tare da ta rufe bakinsa ba, tana rage yawon. Yanayin sauraron da za ka zaɓa a manhajar shi ne wanda aka rubuta USB, ba FM ba. Yin magana ta kansa kuwa sai da lasisi da na'urar megahaz 2400.

Tambaya: Ɗalibaina mata sun yi ƙoƙarin kama hoton da tashar sararin samaniya ke aikowa. Sau biyu muna fita ba mu ji komai ba, na uku hoton ya fito rabi. — Wata malama, Arkilla

Amsa: Malama, sannunku da ƙoƙari. Tashar ba kullum take aiko hoto ba, sai a ranakun da shirin ARISS, mai kula da rediyon sha'awa na tashar, ya sanar, galibi a kan megahaz 145.800 FM. Sanarwar da agogon UTC, wato GMT, ake yin ta, mu kuma muna gaba da awa 1, wannan kaɗai ya sa mutane da yawa fita a banza. Ki sa wa manhajar Look4Sat wurinku daidai, lambar Sakkwato a taswirar masu rediyon sha'awa JK23 ce, ki sabunta bayanan hanyar da tashar ke bi a ranar, domin tashar na nisan kilomita 400 ne kawai kuma ana ɗaga ta lokaci-lokaci, bayanan mako biyu sun tsufa.

Hoto ɗaya a tsarin PD120 minti 2 yake ɗauka, sai shiru na kusan minti 2, wucewar duka ba ta fi minti 10 ba. Shirun ba lalacewa ba ne, kada a taɓa komai. A buɗe maƙullin shiru na rediyon gaba ɗaya, wato a sa shi a 0, domin shi ne ke datse sauti idan sigina ta ɗan raunana, hoton ya yanke. Wata ɗaliba ta riƙe eriya tana bin tashar daga inda ta ɓullo zuwa inda za ta faɗi, tana murɗa hannu a hankali duk lokacin da shuuu ya fara shigowa. Wata ta riƙe waya kusa da lasifika, ba mai magana. Gudun tashar na ɗaga zangon da kusan kilohaz 3.5 idan tana tahowa, ya sauke shi haka idan tana tafiya, don haka a fara da 145.805, a koma 145.800 idan ta yi sama, a ƙare da 145.795. Ku naɗi sautin tukuna, daga baya ku kunna wa manhajar Robot36 a cikin aji, sau nawa kuke so.